Mene ne bambancin National Guard da State Guard a Amurka, kuma me ya sa gwamna yake da nasa sojojin?

Ummu_Khalil:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A labaran guguwa da ambaliya a jihar Teksas ta Amurka ana yawan ambaton runduna biyu, National Guard da State Guard, kuma a hoto duk kaki iri ɗaya suke sanye da shi. Abu ɗaya ne da suna biyu, ko kowace da nata? An ce su na biyun 'yan sa-kai ne, ba a biyan su albashi. To 'yan banga ne ke nan? Wa yake ba su umarni, suna riƙe bindiga, kuma yaya aka yi gwamnatin tarayya ta bar gwamna ya ajiye sojoji nasa na kansa? Masana a taimaka.

Malam_Sabi'u:

Wa alaikumus salam, Malama. Runduna biyu ne daban, kuma duk bambancin yana rataye ne a kan tambaya ɗaya: wa yake da ikon ɗauke su daga hannun gwamna?

National Guard, bari mu kira su Dakarun Ƙasa, iyayen gida biyu gare su. Tun gyaran dokar da aka yi a 1933, duk wanda ya shiga cikinsu ya zama sojan jiharsa kuma sojan ko-ta-kwana na tarayya a lokaci guda. Tarayya ce ke sayen jiragensu da motocinsu da makamansu, ita ke biyan mafi yawan kuɗin atisaye. A kwanakin zaman lafiya gwamna ne ke juya su, amma ranar da shugaban ƙasa ya buƙace su sai ya sa hannu a takarda, su koma nasa. A 1957 gwamnan Akansas, Orval Faubus, ya girke su a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙen fata tara shiga. Shugaba Eisenhower ya mayar da rundunar ƙarƙashin tarayya, gwamna ya wayi gari ba shi da soja ko ɗaya a cikinsu da zai ba umarni.

State Guard, wato Dakarun Jiha, ba a iya yi musu haka. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana jiha ajiye sojoji a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisar tarayya, majalisar kuwa ta ba da wannan yarda a sashe na 109 na kundi na 32 na dokokin tarayya. Sashen gajere ne, ga abin da ya ƙunsa. Jiha na iya kafa rundunar tsaro tata bayan Dakarun Ƙasa. Gwamna zai yi amfani da ita a cikin jihar yadda ya ga ya dace. Ba za a kira rundunar ko a haɗe ta cikin sojojin tarayya ba. Wanda ke cikinta ba shi da haƙƙin albashi, alawus, abinci, sufuri ko magani daga aljihun tarayya. Sannan wanda yake sojan ko-ta-kwana na tarayya ba zai shiga ba, don kada mutum ɗaya ya sami kira biyu a rana ɗaya.

Kotun ƙoli ma ta taɓo maganar. Gwamnan Minesota, Rudy Perpich, ya kai ƙara don ba ya son a tura Dakarun Ƙasa na jiharsa atisaye a Amurka ta Tsakiya ba da izininsa ba. A 1990 alƙalai tara duka suka ce bai da hurumin hanawa, suka kuma tuna masa cewa in yana son rundunar da ba mai taɓa masa, doka ta ba shi damar kafa tasa da kuɗin jiharsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Batun banga kuwa, a'a. Dokar jiha ce ta kafa su, suna da muƙamai irin na soja, suna rantsuwa, suna ƙarƙashin babban hafsan sojan jiha da ake kira Adjutant General, wanda shi ne kuma ke kula da Dakarun Ƙasa na jihar. Kada ki haɗa su da ƙungiyoyin nan masu zaman kansu da ke saka kaki suna atisaye a daji suna kiran kansu mayaƙan sa-kai. Waɗancan ba su da wata doka a bayansu, kuma tun 1886 kotun ƙoli ta tabbatar cewa jiha na iya hana ƙungiya mai zaman kanta yin fareti da makamai.

In kina son gane su a hoto, dubi rubutun da ke kan ƙirji ta hagu. Na tarayya da Dakarun Ƙasa sunan sojan Amurka ne a wurin, su kuwa sunan jiharsu ko na rundunarsu ne. Ba kowace jiha ke da su ba. Wajen jihohi 20 ne da tsibirin Puerto Rico ke da runduna mai rai, wasu jihohin dokar tana nan a littafi amma ba mutum ko ɗaya.

Ɗan_Tarihi:

Malam ya gama da doka, bari in ƙara da yadda aka zo nan, domin tarihin rundunar nan tarihin kafawa da rushewa ne.

Dokar 1792 ta ɗora wa kowane namiji farar fata mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, zama cikin mayaƙan jiharsa, ya kuma nemi bindigarsa da kansa. Tsarin bai taɓa tafiya daidai ba. Bayan yaƙin da aka yi da Sifen a 1898 ya tona asirin rashin shirin mayaƙan jihohi, sai aka yi dokar 1903, wadda ake dangantawa da ɗan majalisa Charles Dick na Ohayo, sannan ta 1916. Ciniki aka yi: tarayya ta kawo kuɗi da makamai da horo, jihohi suka yarda a riƙa ɗaukar mutanensu. Ba a daɗe ba aka ga farashin. A 1916 aka kwashe Dakarun Ƙasa zuwa iyakar Meksiko, a watan Agustan 1917 kuma aka haɗe su gaba ɗaya cikin sojan tarayya don yaƙin duniya na farko. Gwamnoni suka duba barikoki wayam, ga gadoji da madatsun ruwa da masana'antun makamai ba mai gadi.

Daga nan jihohi suka shiga tara dattawan da suka wuce shekarun yaƙi, da samarin da ba su kai ba, da waɗanda likitan soja ya ƙi. A jihar Niyu Yok an kafa New York Guard a 1917, babban aikinsu shi ne gadin dogon bututun da ke sauko wa birnin da ruwan sha daga duwatsun Catskill, don ana tsoron 'yan leƙen asirin Jamus su fasa shi ko su zuba guba. Dare da rana suke sintiri a cikin sanyi. Ba maƙiyi ne ya ci su ba, murar 1918 ce ta kashe gommai daga cikinsu.

Da yaƙi ya ƙare aka sallame su. A watan Satumban 1940 aka fara kiran Dakarun Ƙasa kuma saboda yaƙin duniya na biyu, cikin Oktoba majalisa ta sake ba da izinin kafa na jiha. Wannan karon sama da jihohi 40 suka kafa. Tarayya ta ara musu tsofaffin bindigogin Enfield na yaƙin farko, sai a 1942 ta karɓe abinta don ana buƙatarsu a wani wuri, aka raba musu bindigogin farauta. Wata matsalar ita ce zubewar mutane: ka horar da saurayi wata shida, takardar kiran soja ta zo ta ɗauke shi, ka koma farko.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a wannan zamani shi ne na Alaska, lokacin ba ta zama jiha ba tukuna. Bayan Japan ta mamaye wasu tsibiran Aleutian a 1942, Manjo Marvin Marston ya zaga ƙauyukan bakin teku da keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara yana ɗaukar 'yan asalin yankin. Sama da mutum 6,000 suka shiga, da tsofaffi da yara 'yan shekara goma sha, har da mata, ba albashi. Su ne idon soja a gaɓar tekun da ba wanda ya san ta kamarsu. Sai a shekarar 2000 doka ta amince da su a matsayin tsofaffin sojoji.

A Teksas da kika tambaya, an kafa rundunar a 1941 da sunan Texas Defense Guard, aka canza mata suna a 1943. Ranar 16 ga Afrilun 1947 jirgin ruwa mai suna Grandcamp, maƙare da takin zamani, ya tarwatse a tashar Texas City, kusan mutum 600 suka mutu, kuma dakarun jihar suna cikin waɗanda aka tura. A shekarar ce kuma izinin tarayya ya ƙare. Aka ba da na wucin gadi a 1950 saboda yaƙin Koriya, sannan a tsakiyar shekarun 1950 aka yi na dindindin, wato sashen da Malam Sabi'u ya kawo.

Farfaɗowar Dakarun Jiha ta zamani ta biyo bayan soke tilasta shiga soja ne a 1973. Daga lokacin sojan Amurka ya dogara da Dakarun Ƙasa sosai, duk wani babban yaƙi sai da su. An ga sakamakon a watan Agustan 2005: guguwar Katrina ta faɗa wa Luwiziyana da Misisifi alhali kowace tana da birged guda na Dakarun Ƙasa nata a Iraki.

Ummu_Khalil:

Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. To a yau da ba gadin gada ake yi ba, mene ne aikinsu a zahiri? Kuma mutum yana cin me in ba a biyan sa?

Hajiya_Rabi:

'Yar'uwa, kowa da sana'arsa. A cikinsu akwai likitoci, ma'aikatan jinya, lauyoyi, injiniyoyi, direbobin manyan motoci, masana kwamfuta, da tsofaffin sojojin da suka yi ritaya amma jiki bai mutu ba. Atisaye yawanci rana ɗaya ko ƙarshen mako ɗaya ne a wata, da wasu 'yan kwanaki a jere sau ɗaya a shekara, kuma a mafi yawan jihohi kyauta ake yin sa. Kaki da takalmi da man mota daga aljihun mutum suke fita. Sai ranar da gwamna ya kira su aikin gaggawa a hukumance ne jihohi da yawa ke biyan kuɗin yini. Yawancinsu ba sa riƙe makami a bakin aiki.

Shiga ba wuya amma akwai matakai: cike takarda, binciken tarihin laifi, duba lafiya, rantsuwa, sannan horon farko ga wanda bai taɓa soja ba, inda zai koyi fareti da ladabin muƙami da agajin farko. Bayan haka sai darussan hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, masu lamba 100, 200, 700 da 800, da ake yi ta intanet. Amfaninsu shi ne ɗan kwana-kwana da ɗan sanda da soja da ma'aikacin Red Cross su san wa ke shugabantar wurin da bala'i ya auku, su kuma yi magana da kalmomi iri ɗaya.

Ga aikin da aka fi ganin su a kai bayan guguwa, wato wurin rabon kaya. Ƙaramin wuri, wanda ake kira mataki na uku, an tsara shi ne don mutum 5,000 a rana. Layin mota ɗaya ne da wuraren lodi uku, ma'aikata 19 da rana, 4 da dare. Ana ɗaukar kowace mota a matsayin iyali mai mutum uku. Direba ba ya fitowa, but ɗin bayan mota kawai zai buɗe, a saka masa katan ɗin ruwa ɗaya, fakitin abincin soja shida, buhunan ƙanƙara biyu ko uku, da tamfol ɗaya in rufin gida ya yaye, a buga masa mota ya wuce. Awa 12 ake rabo, dare kuma na sauke tireloli ne da jera kaya. Babban wuri, mataki na ɗaya, layi huɗu ne na mutum 20,000.

Abin da ke ɓata aikin nan sanannu ne. In ƙofar shiga da ta fita ɗaya ce, cikin awa guda titi ya toshe har motar kayan ma ba za ta iya shigowa ba. In tirela ta iso babu motar ɗaga kaya, sai a sauke ruwa da hannu, mutum goma su gaji kafin azahar. In aka sa wurin kusa da babban kantin da ya riga ya buɗe, an yi asarar ma'aikata, don jama'ar wurin suna da inda za su saya. Masu zuwa a ƙafa suna buƙatar layinsu daban, nesa da motoci. Sannan zafi: mai lodi a kan kwalta da rana tsaka in ba a musanya shi ana ba shi ruwa, shi ne zai fara faɗuwa.

Na biyu shi ne matsugunin waɗanda suka baro gidajensu, galibi a zauren wasanni na makaranta. Ma'aunin da ake bi shi ne kimanin murabba'in mita 2 ga mutum ɗaya in kwana ɗaya ko biyu ne, kusan 4 in zaman zai yi tsawo, mai keken guragu kuma ya fi haka nesa. Banɗaki ɗaya ga mutum 20. Wuyar ba gadaje ba ce, rajista ce: wa ya shigo, da wa ya zo, wane magani yake sha. Mai ciwon suga da maganinsa ke buƙatar firij, da mai amfani da injin numfashi, su ne dalilin da ya sa ake duba janareta da mansa kafin a buɗe ƙofa.

Sai sadarwa. In turakun waya suka faɗi, ƙananan ƙungiyoyi masu rediyo mai dogon zango ne ke haɗa gunduma da hedikwatar jiha. Kalifoniya tana da masu kashe gobarar daji a cikin nata dakarun, Meriland tana da sashen likitoci da na tsaron intanet.

Abu_Fatima:

Hajiya ta faɗi amfanin, ni bari in faɗi inda ake tuntuɓe, don tarihin ba fari tas ba ne.

Babban haɗari shi ne ba wa mutumin da aka horar da shi kwana kaɗan bindiga a ce ya tare taron jama'a. A watan Satumban 1919 'yan sandan Boston sama da 1,100 suka shiga yajin aiki. Dakarun Ƙasa ba su gama dawowa hayyacinsu daga yaƙi ba, sai aka fito da dakarun jihar Masacusets, lokacin Calvin Coolidge ne gwamna. Mutanen nan ba su san aikin kwantar da tarzoma ba. Suka buɗe wuta a kan taro, kuma mafi yawan mutum taran da suka mutu a rikicin harsashinsu ne ya kashe su. Wannan na cikin dalilan da jihohi da yawa a yau suka gwammace su bar makami a hannun 'yan sanda da Dakarun Ƙasa.

Na biyu, rashin tantancewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rundunar da jiha ta kafa ta manta da ita, ba kuɗi, ba aikin yi, ba mai leƙa ta, masu son kaki don wata manufa ne ke cika ta. A 1987 bincike ya gano masu aƙidar wariyar launin fata da masu tarihin manyan laifuka a cikin dakarun jihar Yuta, gwamna Norman Bangerter ya kori kusan kowa, ya bar hafsoshi ƙalilan.

Na uku, kumburin muƙami. Tsohon kanar ya shigo yana son igiyarsa, lauya da likita ana ba su muƙamin hafsa saboda takardunsu, kafin ka ankara masu ba da umarni sun fi masu ɗaukar katan yawa. Wurin rabon da Hajiya ta kwatanta shugaba ɗaya yake buƙata da hannaye goma sha takwas.

Na huɗu, kariya. Wa zai biya in ɗan sa-kai ya karye a bakin aiki, ko in mai gidansa ya kore shi don ya yi mako biyu ba ya ofis? Dokar tarayya da ke kare aikin sojan ko-ta-kwana ba ta rufe su ba, sai abin da jiha ta rubuta a tata dokar, kuma jihohi sun sha bamban. A nan ne ma rundunar ke da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Bayan Katrina, likitoci da ma'aikatan jinya na Meriland sun so tafiya Luwiziyana, amma aiki a wata jiha yana da matsalar lasisi da ta ƙara in an yi kuskure. Sai aka rantsar da su cikin dakarun jihar kafin jirgi ya tashi, suka tafi a ƙarƙashin inuwar gwamnati, suka duba marasa lafiya sama da 6,000 a yankin Jefferson.

Na ƙarshe, siyasa. Tunda rundunar ta gwamna ce shi kaɗai, duk abin da ya yi da ita ana karanta shi da idon jam'iyya. A 2015 gwamnan Teksas Greg Abbott ya umarci dakarun jihar su sa ido a kan wani atisayen sojan tarayya mai suna Jade Helm, bayan jita-jitar cewa shirin mamaye jihar ne, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Fulorida ta rushe nata a 1947, gwamna Ron DeSantis ya dawo da su a 2022 da mutum 400, a 2023 aka ɗaga adadin da doka ta yarda zuwa 1,500. A horon farko na 2023 wasu tsofaffin sojoji suka fice, suna cewa aikin agaji aka kira su, sai suka tarar da horo irin na fagen fama.

Malam_Sabi'u:

Abu Fatima ya yi daidai. Gyara biyu kawai, kada a fahimci maganata ta farko a karkace.

Da na ce tarayya ba ta iya ɗaukar su, rundunar nake nufi a dunƙule. Mutum ɗaya-ɗaya ba shi da wannan kariya. In aka dawo da tilasta shiga soja, kasancewarsa cikin dakarun jiha ba za ta hana a kira shi ba, sashen ya faɗi haka ƙarara, kuma shi ne abin da Ɗan Tarihi ya ce ya riƙa zubar musu da samari a yaƙin duniya na biyu.

Sannan fita wajen jiha, kamar tafiyar 'yan Meriland, ba umarnin tarayya ba ne. Jihohi suna da yarjejeniyar taimakon juna a lokacin bala'i, wadda majalisa ta amince da ita a 1996. Gwamnan da ke cikin matsala ne ke roƙo, wanda zai taimaka ya amince, a rubuta abin da za a aika da wanda zai biya, jihar da ta roƙa ta mayar da kuɗin daga baya.

Wani abu kuma da ke rikita mutane shi ne mayaƙan ruwa na jiha. Niyu Yok tana da su, kuma dokarsu daban ce: suna iya samun kayan aiki daga rundunar ruwan tarayya in kashi 95 cikin 100 na mutanensu sojojin ko-ta-kwana ne na tarayya. Wato su an yarda musu da riga biyun da aka hana dakarun jiha na tudu.